Murafun Ƙafar Motar Makki

Asabar, 7 ga Janairu

Kwali ya iso garejina da sunan ƙanena Makki. Murafun ƙafa huɗu na alminiyam, shafaffu kamar faifai, irin masu rufe rim gaba ɗaya don kada iska ta riƙe mota. Tun kafin ya tafi tseren motoci na Kuwait, inda ya rasu, ya yi odarsu. Kaya sun iso, mai kaya yana maƙabartar Sitra. Na tura kwalin ƙarƙashin benci.

Talata, 10 ga Janairu

Batul ta zo, 'yar Makki. Ta yaye tamfol daga kan motar ubanta ba ta tambaye ni ba. Wai ta sa sunanta a tseren Sakhir na Juma'ar sama.

"Baffa, ka ɗaura mini murafun nan."

Na ce ƙanena ɗaya na binne, ya ishe ni.

"Ba a wannan motar ya mutu ba," in ji ta.

Bakin ubanta sak. Na kore ta.

Alhamis, 12 ga Janairu

Uwarta ta kira tana kuka, wai ni ne babba, in hana. Da me? Yarinya ta girma, da lasisinta, motar kuma gadonta ce.

Lahadi, 15 ga Janairu

Kwali ba ya nan. Motar ma.

Talata, 17 ga Janairu

Na sami motar a garejin Jawad, wanda ko keken yara ba zan ba shi ba. Sun ɗaure murafun da igiyar roba a jikin rim. Igiyar roba! Idan birki ya yi zafi ta narke, faifan ya fita da gudun nan, ko ya yanke taya, ko ya sare wani a gefen hanya.

Jawad yana dariya. "Alhaji, kowa haka yake yi."

Na ce kowa ba 'yar Makki ba ne. Na sa yatsa na ja ɗaya, ya taho a hannuna. Batul ta daɗe tana kallon murfin. Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 18 ga Janairu

Matata Najat ta ajiye mini abinci, machbus, har ya huce. Ta ce tunda muka yi aure ban taɓa cin nasara a gardama da jinin gidanmu ba.

Alhamis, 19 ga Janairu

Na janyo motar zuwa garejina. Na huda bakin kowane rim, na kafa kunnuwan ƙarfe, na ɗaure murafun da noti, na bar ƙofa wajen bakin iska. Na juya kowace ƙafa a injin balans har ta daina rawa. Batul ce ke miƙo mini sifana.

Na gaya mata ba yarda na yi ba. Don mutanen gefen hanya na yi.

"Na sani, Baffa."

Juma'a, 20 ga Janairu

Ban yi niyyar zuwa ba. Notuna na je dubawa, don zafi yana sassauta su.

Ta zo ta uku. Tana sakin mai da wuri a giya ta biyu, tsoro ne ko rashin sabo, ban sani ba. Sai mun gyara wannan kafin tseren Fabrairu.