Fadamar Gauraka

Baffa Jumare,

Ina gaishe ka daga Malesiya. Yaya Inno, yaya shanu da mutanen Kebbe? Ni lafiya lau, sai wani abu da nika jin kunyar faɗi.

Ka tuna fadamar da kake shayar da shanu da rani, inda ka nuna mini gauraka na ƙwai, ka ce in yi shiru? A makaranta munka zana taswirar filayen da ya kamata a fara killacewa saboda tsuntsaye, a hana kiwo a ciki. Don in burge malami, na sa ta ciki. Ita ta zo ta ɗaya, kuma an aika wa hukuma taswirar a gida.

Shekara talatin kana korar yara daga ƙwan nan, Baffa. In an kore ka, ni na jawo. Ka yafe mini.

Ɗanka, Shafi'u