Hannun da Dikko Ya Miƙa

Abu Hail, Dubai, Nuwamba 2012

'Yata Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Yaya, Innarku, da sauƙi.

Shekarun baya na ji ana cewa wanki Dikko, gwanin darar Turawa da ya gagari kowa daga Kano har Legas, ya sayar da wasan ƙarshe a wata gasa nan Dubai, shi ya sa ya ƙi komawa gida. Ban yarda ba. Yaron da ko kakarsa bai taɓa ɗaga wa ƙafa a dara ba, wa zai iya sayensa?

To, na same shi. Yana unguwar Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da wani Abednego mai gyaran firiji. Dikko ya rame, bizarsa ta daɗe da mutuwa. Na miƙa masa hannu, ya cusa nasa a aljihu.

Kawunki, Mika'ilu

Fagge, Disamba 2012

Kawu,

Barka da ƙoƙari, Allah ya saka. Inna ba ta cin abinci sai an ce mata Dikko yana hanya. Ni ba ruwana da saye da sayarwa. Ku turo mana shi, ko a kwantena ne. Likita ya daina ba mu magana mai daɗi.

Taku, Sabuwa

Abu Hail, Janairu 2013

'Yata,

Ina gaishe ku. Kwantena ta tayoyin mota ce da firiji, shi jirgi zai hau, tikiti na wuyana.

Abednego ya ce mini, "Baba, ba ciniki ba ne, ta'aziyya ce." Haka Dikko ya ba shi labari tun farkon zamansu. Saura ƙiris ya ci wasan, sai aka raɗa wa abokin karawarsa, wani Bamisire, cewa mahaifinsa ya rasu. Dikko ya ga hawaye, ya tsayar da agogon wasa, ya miƙa hannu yana Allah ya jiƙansa, yadda kowane ɗan Fagge zai yi. A wasan nan kuwa, ka tsayar da agogo ka miƙa hannu, ka sallama ke nan. Alƙali ya rubuta. Bamisire ya ɗauki kofi ya tafi jana'iza.

Ki ce wa Yaya ta ci tuwo.

Kawunki

Abu Hail, Fabrairu 2013

Sabuwa,

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba mu haƙuri.

Bai hau jirgin ba. Ranar tafiya, tun Yaya na da rai, na tarar da shi gaban allon dara, yana wasa da kansa. Ya ce, "Kawu, da wane ido zan kalli Inna? Ai sayarwa na yi." Na maimaita masa abin da Abednego ya faɗa. Ya nemi abin a kansa, bai samu ba. Ya ce, "Abednego sona yake yi kawai."

Maganar sayarwar nan na ji ta a kasuwar Kwari, na ji ta a filin jirgi, har a gidan suna. Wanda ya faɗa mini ita a ƙarshe, Dikko ne.

Ki huta lafiya.

Mika'ilu