Zaren da Kika Ɗaura a Hasumiyar Agogo

Smaranda, tun yaushe so ya zama kayan sata, da za a cusa shi cikin hannun riga a ja maɓalli a kai? Ke nake tambaya, farar kurciyar kan ganuwa, ruwan da ke gangarowa daga dutse idan ƙanƙara ta narke, hasken farko da ke taɓa rufin hasumiya tun garin ƙasa bai farka ba! Na so in buɗe takardar nan da gaisuwa irin ta mutanen kirki, in tambayi lafiyarki da karatun jinyar da ya kai ki Viyana, amma kin san bakina, ba ya iya rarrafe idan zuciya tana gudu.

Daga barandar hasumiyar agogo nake rubuto miki, takarda a kan gwiwa, iska tana neman ƙwace ta. Ni kaɗai na hawo, kamar kowace Lahadi tun da kika tafi, sai dai yau ba Lahadi ba ce, haƙuri ne ya ƙare. Matakalar katakon nan har ta san takuna, tana kuka a ƙarƙashina kamar tsohuwa mai ciwon baya. Na wuce ɗakin tsofaffin tukwane, na wuce ɗakin kwalaben masu magani na dā, na tsaya a bayan agogo inda ƙafafun ƙarfe masu haƙora ke cizon juna ba dare ba rana. 'Yan mutum-mutumin ranakun mako suna nan a kan faifansu, ɗaya ya leƙa taga yana kallon gari, sauran suna tsaye cikin duhu suna jiran layi. Na daɗe ina kallon na bakin tagar. An yi masa fenti, an ba shi matsayi sama da kowa, amma ba shi da wanda zai ce wa "dubi can." Na ce masa, sannu ɗan'uwa.

Kin tuna ranar farko ta watan Maris? Ke ce a gaba, ni a baya, gefen mayafinki na ulu yana shafar fuskata a kowace kwana ta matakala. A can bayan agogo na riƙa ba ki labarin maƙeran da suka ƙera shi, da gobarar da ta taɓa cinye rufin, kika juyo da idanun nan naki masu kama da kogin Tarnava bayan ruwan sama, kika ce, "Kai Costin, ɗan dako da kai, ina ka samo duk wannan?" Na ce miki baƙi suna mance littattafai a ɗakunan otal, ni kuwa ba na mance komai. Kika yi dariya har ta rufe ƙarar agogo. Wayyo dariyar nan! Da ana adana sauti a kwalba, da na cika aljihuna da ita kafin hunturu.

Da muka fito baranda na ba ki zaren nan ja da fari da kowane saurayi ke ba budurwarsa a wannan rana. Ba na kasuwa na saya ba, ni na murɗa shi da hannuna. Kowace yarinya a Sighișoara a ƙirji take maƙala nata, ta yi ta yawo da shi duniya na gani, har ranar da ta ga shamuwar farko ko itace ya yi fure, sannan ta ɗaura shi a reshe mai rai don abin da take fata ya yi 'ya'ya. Ke kuwa a tsintsiyar hannu kika ɗaura, kika ja hannun riga a kai, kika ce, "A nan ya fi kusa da jijiya." Na yarda. Ranar da za ki koma makaranta kika kwance shi, kika ɗaure a katakon jinginar nan, daidai ƙarƙashin ɗan allon tagullar da ke nuna inda Viyana take, kika ce wannan shi ne itacenmu. Nan ma na yarda. So hana ganin laifi, ni har katako matacce ya hana ni gani.

Tun daga nan nake hawowa in dafa allon nan, in miƙa ido bayan tuddai, ina ce wa kaina garin masoyi ba ya nisa. Jamusawa su ɗauki hotona, Jafanawa su roƙe ni in matsa. Tanti Rodica mai sayar da tikiti ce ta gaji da ganina, ta ce, "Kai ɗan nan, zo nan. Ka taɓa ganin ɗan garin nan ya hau hasumiyar nan don ransa? Ni da gashina ya yi fari a bakin ƙofarta, rabona da sama tun muna 'yan makaranta, da malami ya kora mu saman da sanda. Yarinyar da ta ce ku riƙa haɗuwa a can, ta san ba mai ganin ta sai baƙi da tattabaru." Na ce mata, "Tanti, ki ji da tikitinki." Ta ce, "Zan ji da shi, mai bakin reza, kai kuma ka ji da gwiwoyinka."

Na zage ta a zuci. Ashe gaskiya ce ta sa tabarau ta zauna a bakin ƙofa.

Jiya na gani da idona. Ban ma san kin dawo hutun Ista ba. Ina turo amalanke cike da akwatunan baƙi ta ƙarƙashin ƙofar hasumiya, gumi har cikin ido, sai ga ki da mahaifiyarki kun taho da kwandon ƙwai. Zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance, na buɗe baki zan kira sunanki. Mahaifiyarki ta ce, "Kai mai amalanke, ba mu hanya mana!" Sannan ta ga yadda nake kallon ki, ta ce, "Kin san shi ne?" Ke kuma, zumata, inuwata, fitilar ɗakina, kika dubi takalminki kika ce, "Mai ɗaukar wa baƙi kaya ne, Mama."

Ba ki yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ina ɗaukar kaya, ba na jin kunyarsa. Amma mai ɗaukar kayan nan ne kika jingina kanki a kafaɗarsa a nan sama, kika ce ko zakaran ƙarfen nan mai nuna iska a kan rufi ya juya yamma ya kira ruwa, ba za ki sauka ba. A sama ni ne Costin naki, a ƙasa ba ni da suna? Wace irin soyayya ce wannan da ba ta iya numfashi sai an hau da ita matakala? Na karanta labaran masoya da yawa a littattafan da aka yar, na ga waɗanda teku ya raba, na ga waɗanda yaƙi ya raba, ban taɓa ganin waɗanda bene ya raba ba sai mu.

Yau da na zo, Tanti Rodica ta nuna mini almakashi. An ce a share duk wani tarkace da mutane suka ɗaura a baranda kafin baƙin biki su cika gari. Ta ce, "Hau ka kwance abinka da hannunka, ni ba na yanke zaren mutane, ina da jikoki." Na kwance. Yana cikin tafin hannuna yanzu, jan ya koɗe, farin ya yi dauɗa, amma murɗin bai saki ba.

Smaranda, daga nan ina hango gidanku. Itacen tuffar ƙofar mahaifinki ya yi fure fari tas kamar amarya, shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin maƙwabtanku, kowace budurwa ta riga ta ɗaura nata. Fure kuwa ba ya jiran mai jin kunya, iska ɗaya ce ta kakkaɓe shi.

Daga yau na daina hawa. Ran Lahadi, idan an taso daga coci, agogon nan ya buga tsakar rana, za ki same ni tsaye a gindin itacen nan da zaren a hannu, cikin rigata ta aiki, ba zan ari ta kowa ba. Ba zan ƙwanƙwasa ƙofa ba, ba zan yi faɗa da kowa ba, na rantse zan ɗaure harshena ko da zai kashe ni. Idan kika ce a'a, zan tafi, kuma babu wata 'ya mace da zan sake murɗa wa zare har a mayar da ni ƙasa, don zuciya ɗaya aka ba ni, tana wurinki.

Amma kada ki aiko da takarda. Kada ki ce mu haɗu a sama. Ki fito, gaban mahaifiyarki, gaban maƙwabta da tsofaffin da ke leƙe ta taga, ki ɗaura zaren nan a reshe mai rai, ko ki ɗaga murya ki ce ba ki san ni ba. Wane ne ni, Smaranda? Ki faɗa a ƙasa, inda mutane suke.

Naki har ranar da zakaran ƙarfen nan zai yi cara,
Costin