Kanki a Tagar Mai Hoto

Rum, Nuwamba 1858

Ƙanwata Nunziata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar mijinki, yaya yara da mutanen Palermo? Ni lafiya lau. Tarin ya yi sauƙi, kwana a shago cikin gumakan filasta kuma ba laifi, ba sa minshari.

Kin tuna kanki, wato gunkin fuskarki, da na sassaƙa ina saurayi, wanda Farfesa Tancredi ya ce da tokare ƙofa ya dace, ya kore ni daga makaranta? Har yau ina yawo da kwafinsa na filasta. Maigidana Anselmo mai hoto ya gaji da mutane, don akwatinsa na ɗaukar hoto sai wanda zai daɗe bai motsa ba. Ya ce, "Tsoho, ɗauko matar nan mai hancin gatari, ita ba ta ƙifta ido." Na shafa mata ruwan gahawa don kada farin ya kashe hoton. Ya ɗauke ta hoto, muka jera shi a taga cikin hotunan tsoffin gumakan Rum.

Jiya sai ga Tancredi, ya tsufa tukuf, ɗalibai na biye. Ya ɗaga hoton ya ce, "Ku ga hannun mutanen da! Yau wa zai iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, juya bayansa."

Da bakinsa ya karanta sunana, kowa na ji. Amma da hoton ya tafi.

Ki aiko mini da safa mai kauri. Allah ya raya zuri'a.

Yayanki,
Gaspare