Fiffiken Dama

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na ji daɗi da kika ce za ki ƙarasa ƙaramin jirgin saman da mahaifinki ya bari. Kin tambaye ni wane inji za ki saya. Ɗalibaina ma haka suke farawa, a zatonsu inji da rimot su ne jirgi. A'a, fiffike ne jirgi. In ya karkace, babu injin da zai cece shi.

Kayan aiki duk suna kan teburin Yaya: wuƙa, rular ƙarfe, samfefa, gam da kwalin fil. Ki canja wa wuƙar reza. Katakon nan marar nauyi ba ya son ƙarfi, ki ja wuƙa sau uku a hankali maimakon ki danna sau ɗaya. Makullin ɗakin yana aljihun rigar aikinsa.

Ki gaishe da Mama.
Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Na buɗe ɗakin, amma ban iya yin komai ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Wata takwas ke nan rabona da ɗakin. Ranar na leƙa na ce, "Abba, in kama maka?" Sai ya jefa tsumma a kan aikin, ya daka mini tsawa, wai in fita. Ni da nake shafa masa gam tun ina 'yar shekara bakwai! Na yi fushi, na koma makaranta ko sallama ban yi masa ba. Har ya rasu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na sami fikafikai biyu a kan tebur, sun ƙi haɗuwa da jikin jirgin. Duka na hagu ne. A ƙarƙashin tebur akwai wasu uku, su ma na hagu.

Baffa, me na yi masa? Da fushina ya tafi?

'Yarka

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu.

Takardar zane fiffike ɗaya take nunawa. In an gama shi, sai a juya takardar a zana bayanta, a gina ɗayan. Sabon shiga kan manta, ya yi hagu biyu, mu yi masa dariya mu ce jirginsa zai yi ta zagaye kamar mai neman takalminsa. Yaya ne ya koya mini wannan, shekara talatin da suka wuce.

Wata rana ya kira ni. Ya ce, "Malam, na sake yin hagu." Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Na uku ke nan. Jiya ma na riƙe wuƙa na rasa sunanta." Ashe ciwo ne ya fara taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ya ce ko kowa zai gani, ban da ke, don ke kaɗai ce kallo ɗaya za ki yi wa teburin ki gane. Ya sa na yi alkawarin yin shiru. Na riƙe alkawarin, ban san ke ce kike biyan kuɗinsa ba. Ki yafe mini.

Ba fushi ya yi ba, 'yata. Kunya ya ji.

Ki juya takardar ki manna ta a gilashin taga, haske zai nuna miki layukan. Ki bi su da fensir. Gwada da hannunki, za ki iya.

Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Na juya takardar. Ashe Abba ya taɓa tunawa: ya fara zanen a bayanta, ya tsaya a rabi. Layinsa ya ɗan karkace, na san jirgin zai riƙa jan gefe.

Ban goge ba. Daga inda ya tsaya na ɗora.

'Yarka