Ku Faɗa wa Mazanmu Su Daina Hura Bakin Feshi

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon kwalejin da ke maƙwabtaka da mu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Ni matar manomin rani ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sana'ata turara shinkafa. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A ranin bara maigidana yana yi wa tumatirinsa feshi sai bakin tankin ya toshe. Ya kwance shi, ya sa a baki ya hura, kamar yadda duk manoman nan suke yi. Kafin azahar aka kawo mini shi ranga-ranga, yawu na dalala, jikinsa na karkarwa. Maƙwabta suka ɗura masa manja da madara, wai suna kashe guba. A asibiti aka ce saura ƙiris ɗurin ya ƙarasa shi. Har yau in na ji warin maganin nan gabana faɗuwa yake.

A asibitin na haɗu da wata ɗalibarku. Da ta ji labarin sai ta riƙe baki, ta ce ai rediyonku ya sha yin shiri a kan wannan haɗari. Wallahi na ji ciwon maganar nan. Ashe ilimin da zai tsare mijina yana nan kusa da mu, bai dai iso ba. Ga abin da ya tare shi.

Na farko, harshe. Na nemo tasharku na saurara. Turanci ne tsagwaronsa, in an sako Hausa sai a gaishe-gaishe. Su wa kuke yi wa gargaɗin? Ɗalibanku ba sa goya tanki.

Na biyu, lokaci. Shirin noma da hantsi kuke sa shi, lokacin da mazanmu ke tsakiyar fadama, injin ban-ruwa na ruri, ko kiran sunansu ba sa ji. Bayan sallar magariba suke zama a majalisa da rediyo a tsakiya. Mu mata ne muke ji da hantsi a gindin tukunya, mu kuma ba ku taɓa yi mana shiri ba, alhali a ƙaramar magudanar da suke wanke tanki muke ɗibar ruwan jiƙa shinkafa.

Na uku, muryarku ba ta da nisa. A tsakar gidana sai na ɗaga rediyon sama kamar mai shanya kafin na ji ku, in na zauna ta ɓace.

Za ka iya cewa me ya hana ni faɗa wa mijina da kaina? Na faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da yayansa. Amma in magana ta fito daga bakin mace mita ce a wurinsu, in ta fito daga rediyo sai ka ji ana maimaita ta a majalisa har da ƙarin gishiri.

Don haka ina roƙo. Ku yi shirin da Hausarmu, bayan magariba. Ku turo ɗalibanku bakin gona su ɗauki muryar waɗanda abin ya kayar, domin manomi ya fi yarda da manomi. Inda tasharku ba ta kai, ku naɗa a tura ta waya, ko ku zo da lasifika ranar kasuwar Bunkure. Ku kuma faɗi abin da za a yi wa wanda ya faɗi kafin a kai shi asibiti, don har yanzu ni ban sani ba.

Ina roƙon a yi wannan da gaggawa. Tumatir ya fara fure, kuma shekaranjiya na ga sabuwar kwalbar magani a ƙarƙashin gadonmu.

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa ɗalibanka albarka, ya sa muryarku ta riga bala'i isowa gidajenmu.

Wassalam.

Taku,
Wata mai turara shinkafa