Atamfarki ta Tasawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto miki ne shekara uku bayan rasuwarki, domin in faɗi wani laifi da na daɗe ina yi miki.

Tun da na shiga sakandare ban taɓa gaya wa kowa cewa ke 'yar Tasawa ce ta ƙasar Nijar ba. Na ga yadda ake kwaikwayon maganar Ramatu, 'yar ajinmu da iyayenta suka zo daga Maraɗi. Idan an tambaye ni sai in ce mu 'yan unguwar Sharaɗa ne ta nan Kano. Ranar da kika kawo mini abinci, a bakin ƙofar makaranta na tare ki don kada a ji harshenki. Kin gane, kika miƙo mini abincin kika juya.

Makon jiya aka yi ranar al'adu, aka ce kowacce ta zo da shigar garin iyayenta. Na buɗe akwatinki na ɗauko koriyar atamfar nan da kike cewa, "Wannan ta gida ce."

Baba ya tarar ina goge ta. Ya juya bakin zanen, ya daɗe yana kallon tambarin. Ya ce a masaƙar Bompai ta nan Kano aka buga ta, inda ya yi aiki kafin a rufe. 'Yan kasuwa ne suka kai ta Tasawa, kika saya tun ba ki san Kano ba. Bai taɓa lura ba, don ajiye ta kike yi, ba kya ɗaurawa.

Yanzu dilolin atamfar waje ake jibgewa a masaƙar. Irin ta wajen nan kusan kowacce ta sa ranar al'adun, ba a gane 'yar Kano da 'yar Jigawa.

Na ɗaura taki. Da aka kira sunana na fito na ce zanen na Bompai ne, mai shi 'yar Tasawa ce, ni kuma 'yarta ce. Wasu sun yi dariya. Malama ta rasa layin da za ta sa ni, domin sunayen jihohi kawai ta rubuta. Ramatu, da ke tsaye ita kaɗai a gefe, ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita.

Inna, ki yafe mini abin da na yi miki a bakin ƙofar nan. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

'Yarki,
Safiya